Ciyar da Kyanwa a Lokacin Matsi

Kyanwa, wadda mutanen yammacin Zamfara da Sakkwato suka fi kira mussa, dabba ce da gidan manomi ke samu ba tare da ya saya ba. A Bagega da sauran ƙauyukan Anka, Bukkuyum da Gummi ba a ware mata kasafi. Abu biyu ke riƙe da ita: ragowar abincin gida, da kusun da take kamawa a gindin rumbu. Muddin tukunya na cika, babu mai lura da wannan tsari. Ranar da gida ya koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, ragowa ce ke fara ɓacewa, kuma kyanwa ce ke fara jin canjin a jikinta.

Irin wannan rana ta zo wa gidaje da yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A wannan yanki akwai ƙari a kan haka: 'yan bindiga sun hana noma a gonaki masu nisa, sun ɗora wa wasu ƙauyuka haraji kafin girbi, sannan haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a Afrilun 2019 bai ɗagu ba sai Disamban 2024. A galibin gidaje yara da matasa ne ke kula da kyanwa, su ke sa mata suna, su ke ɓoye mata loma. Saboda haka su ya fi kamata su san abin da jikinta ke buƙata, da abin da za a iya yi mata da ɗan abin da ke hannu.

Zaman kyanwa da mutum tun asali zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Masu bincike sun nuna cewa kyanwar gida jikanyar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ita ta kawo kanta wurin mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da aka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa daf da juna. Aikin da ya kawo ta bai canza ba. Ɓera yana cin hatsi, ya ɓata wanda bai ci ba da fitsari da kashi, ya huda buhu, kuma wani nau'insa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Kyanwa ba ta maye gurbin rufe abinci da tsabtar ɗaki, amma tana rage ɓarna. A shekarar da damin gero ɗaya ke iya zama abincin mako guda na iyali, mai gadin rumbu ba ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Akwai wani zato da ya yaɗu, cewa in an ƙosar da kyanwa za ta daina kamu, don haka gara a bar ta da yunwa. Wannan kuskure ne. Farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiya ma tana daka tsalle in ta ga motsi. Abin da yunwa ke yi shi ne ta kore ta daga gida: ta shiga yawon bola, ta buɗe tukunyar maƙwabta, ta far wa 'yan tsaki, daga nan a sa mata sunan ɓarauniya a bi ta da jifa. Masanin dabbobi Charles Elton ya wallafa wani bincike a 1953 kan gonakin Ingila, inda ya nuna cewa kyanwoyin da ake ba ɗan abinci a gona suna zama a wurin, kuma suna hana ɓeraye dawowa bayan an kawar da su. Ɗan abin da ake ba ta kullum shi ke ɗaure ta a bakin aikinta.

Addini ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, yana mai kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ita ba najasa ba ce. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu inda za ta yi kiwo. Masu tarihi kuma sun ambaci cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Abin lura a hadisin farko shi ne ƙofa biyu da ya bari a buɗe: ciyarwa ko saki. Ba a ɗora wa talaka sayen tsoka ba. Abin da aka hana shi ne ya tsare rai ya kuma hana shi abinci. Haka nan babu mai cewa a cire ƙwai daga bakin yaro mai tamowa a ba kyanwa. Ɗan Adam ke gaba, kuma abincin tamowa da asibiti ke bayarwa maganin yaron ne shi kaɗai. Rabon kyanwa yana cikin abin da mutane ba sa ci, kuma wannan yana da yawa fiye da yadda ake zato.

Kafin a nemo shi, sai an fahimci jikin mai cinsa. Kare yana iya rayuwa a kan tuwo da ɗan romo, kyanwa ba ta iyawa. An halicce ta maciyar nama zalla: haƙoranta na yanka ne ba na niƙa ba, hanjinta gajere ne, harshenta ma ba ya jin zaƙi. Akwai wani sinadari da masana ke kira tawurin, wanda jikin mutum da na kare ke haɗa wa kansu, amma na kyanwa ba ya haɗa isasshe, sai ta same shi a nama ko kifi. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ganinta yakan dushe har ta makance, tsokar zuciyarta ta saki, cikinta ya riƙa zubewa. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka tabbatar da alaƙar ƙarancinsa da ciwon zuciyar kyanwa, abin da ya sa kamfanonin abincin dabbobi suka ƙara yawansa. Haka kuma jikinta ba ya iya fitar da bitamin A daga karas ko ganye kamar na mutum. Wannan ya sa kyanwar da ake cika wa ciki da tuwon dawa, hoce ko ƙanzo kan yi kamar ta ƙoshi alhali tana ramewa: gashi ya yi cirko-cirko, ƙashin baya ya fito, ido ya riƙa kwantsa.

Babbar kyanwa mai nauyin kilo 3 zuwa 4 tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a yini. Ƙaramin ɓera ɗaya bai wuce kalori 30 ba, wato sai ta kama bakwai ko takwas kullum kafin ta riƙe kanta da farauta kaɗai. Da kaka, lokacin da hatsi ke zube a masussuka, hakan na iya yiwuwa. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, abin kamawa yakan ragu a daidai sa'ar da ragowar gida ta yanke. Nan ne take buƙatar tallafi. Ga kyanwar da ke fita farauta, abin da bai wuce cikin tafin hannun yaro ba na nama ko kifi a kullum yana rufe giɓi mai yawa. Wadda ba ta fita, ko tsohuwa, ko mai rauni, tana buƙatar kusan gram 150 zuwa 200, a raba mata sau biyu ko uku.

Wurin farko da za a nufa shi ne teburin mahauci ranar kasuwa. A ƙarshen ciniki akan bar sassaken nama, guntun huhu, saifa, maƙogwaro da jijiya. Yaron da ya gaida mahauci da ladabi, ya ce “Baba, ko akwai ɗan abin da zan kai wa mussa?”, da wuya ya koma hannu rabbana, musamman in yana taya shi ɗebo ruwa ko share wuri. Haka wurin masu fige kaji, inda ake zubar da hanji. Zuciya tana da tawurin, ko ta kaza ce ko ta akuya. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma a taƙaita ta ga ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako, don yawanta yana sandarar da ƙashin wuya da gaɓoɓi. A wanke abin da aka samo, a tafasa da ruwa zalla ba gishiri ba magi, a ba ta har da romon, domin wani ɓangare na sinadarin yana tsiyayewa cikin ruwan dahuwa. Inda babu firji, a yanyanka shi siri-siri a shanya ko a banda shi, a adana a gwangwani mai murfi. Kwanakin layya dama ce babba: abin da ake zubarwa a unguwa ɗaya cikin kwana biyu, in an busar, zai riƙe kyanwa makonni.

Mutanen Gummi da garuruwan bakin Gulbin Zamfara suna da kifi. Kan tarwaɗa, kayan cikin ƙarfasa da ƙananan kifayen da masunta ba sa kai wa kasuwa duk abinci ne mai kyau, in an dafa an cire manyan ƙayoyi. Dafawar tana da dalili: ɗanyen kifi na wasu nau'o'i yana ɗauke da abin da ke lalata bitamin B1 a jiki, ga kuma tsutsar ciki. Ɓarɓashin busasshen kifi da ke taruwa a ƙasan kwali yana da araha, sai dai a jiƙa shi a wanke, a kuma guji wanda ke warin magani, don wasu 'yan kasuwa na fesa masa maganin ƙwari. Shinge a farkon damina da fara da kaka suna ƙara mata ƙarfi, muddin ba daga gonar da aka yi wa feshi aka kamo su ba. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kalori kusan 70, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na bukatar yini. Ɓawonsa ma kada a yar: a tafasa, a busar, a daka ya yi laushi, a barbaɗa ɗan kaɗan a kan naman, domin tsoka zalla ba ta da sinadarin gina ƙashi, kuma 'yan kyanwar da aka raina da ita kaɗai sukan tashi da ƙafafu a lanƙwashe.

Tuwo, shinkafa ko dafaffen dankali suna da gurbi, amma na ƙara auki ne. A cuɗa su da romo da nama, a yi ƙoƙari naman ya fi yawa. Wake, awara da ƙuli-ƙuli suna tare yunwar kwana ɗaya ko biyu, ba su da tawurin. Madara kuwa, duk da sunan da kyanwa ta yi da son ta, yawancin manya ba sa narkar da sukarin da ke cikinta, sai zawo ya biyo baya. Cokali biyu na kindirmo ko nono mai tsami ya fi sauƙi a cikinsu. Abincin gwangwani irin su Whiskas, da ake gani a manyan kantunan Kano da Abuja, daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma kyanwar ƙauye ba ta rasa komai ba don ba ta ci shi ba. Abin da ba ta iya yi babu shi shi ne ruwa: kimanin rabin ledar ruwan sha a yini, a kasko mai tsabta a inuwa, a riƙa canzawa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu.

Wasu abubuwan kuma hana su ne taimako. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, don haka a cire rabonta kafin a haɗa miya, kuma tsire da kilishi masu yaji ba nata ba ne. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji. Goro, shayi da cakulan guba ne gare ta. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa maganin. Mai tausayin da ya ga ba ta da lafiya ya jiƙa mata, ya cuce ta bai sani ba. Maganin kaska na shanu da na karnuka shi ma yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Sannan gidan da ke da kyanwa bai kamata ya zuba shinkafar ɓera ko ya yayyafa fiya-fiya kusa da abinci ba, domin ɓeran da ya ci guba yana tafiya a hankali, shi ne mafi sauƙin kamu, gubar kuma ta koma cikin wadda ta cinye shi.

A Bagega akwai wata guba da ta fi waɗannan tarihi. A Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mutuwar ƙananan yara da ta wuce kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike kuma ya gano gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. A lokacin ana kawo su cikin gari, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, ƙura ta bi ƙasa da bango da kwanuka. Aƙalla yara 400 suka rasu. An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma, aka bi da Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan gangamin da matasa masu bibiyar kuɗin gwamnati suka yi ya sa aka saki kuɗin aikin, sannan aka fara ba yaranta magani. Abin da ya shafi wannan batu shi ne abin da mutanen ƙauyukan suka shaida wa masu bincike na hukumar CDC ta Amurka: watanni kafin yara su fara mutuwa, agwagi sun riƙa ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin a matsayin gargaɗi.

Kyanwa tana cikin irin wannan haɗari, ta wata fuskar ma fiye da agwagwa. Tana birgima a ƙasa, sannan ta shafe sa'o'i tana lasar gashinta, duk ƙurar da ta hau jikinta ta shige ciki. Al'adar jefa mata loma a ƙasa tana ƙara mata wani kason. Saboda haka a wannan yanki ciyarwa ba ta cika ba sai an haɗa da wurin ci: kwano nata na kanta, a wanke shi kullum, a ajiye a kan tabarma ko dakali mai tsabta, nesa da inda ake ajiye kayan aikin haƙa. Kada a ba ta ruwan kududdufin da aka wanke ƙasar zinariya, kada a shanya mata nama a buhun da ya taɓa ɗaukar dutse. Yunwa tana ƙara tsananta abin, domin cikin da babu abinci da jikin da ya rasa sinadarin gina ƙashi sun fi saurin tsotse dalma; haka yake ga dabba, haka yake ga yaro. Kyanwar da ta ƙi abinci, tana amai, tana tangaɗi ko farfaɗiya ba tare da wani dalili a fili ba, a gidan da ake taɓa duwatsun haƙa, alama ce da bai kamata a share ba. Wasu sukan danganta irin wannan da aljanu, musamman in kyanwar baƙa ce. Abin da ya dace shi ne a gaya wa manya, a kai ƙananan yaran gidan asibiti a gwada jininsu, domin ƙasar da ta lasa ita ce suke rarrafe a kai. Kuma kyanwar da ke yawo a wurin niƙan dutse kada ta kwana a shimfiɗar jariri, don tana ɗauko ƙurar a gashinta.

Sai batun yawa, wanda shi ke mayar da ƙaramin nauyi babba. Macen kyanwa kan fara ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin yana kwana 63 zuwa 65, ta haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya maimaitawa sau biyu ko uku a shekara. Mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abincinta, don haka ita ce ke gaba a rabo. Gidan da zai iya riƙe ɗaya bai kamata ya tara biyar ba. A bar 'ya'yan su sha nono har mako 8, a lokacin kuma a riƙa nema musu gida: mai shagon hatsi, mai injin niƙan gari, mai sito a kasuwa, duk suna fama da ɓera. Ɗaure su a buhu a jefar a daji ko a rafi zalunci ne, kuma yaron da aka aika ya yi hakan yana da damar roƙon a ba shi mako guda ya nemo mai so. Jinjirin da uwarsa ta mutu ya fi samun rayuwa in an haɗa shi da wata mai shayarwa. In babu, madarar akuya mai ɗumi da ɗan gwaiduwar ƙwai ta fi koko nesa ba kusa ba. Likitan dabbobi yana iya yi wa muzuru dandaƙa ko ya tsayar wa mace haihuwa, ana yin haka a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma shi ne wanda za a tambaya kan allurar haukan kare da maganin tsutsa. Ba aiki ne da ake gwadawa a gida da reza ba.

Matsi mafi tsanani a wannan yanki shi ne ranar barin gida. Iyalai da dama sun kwana a ƙauyensu sun wayi gari a sansanin 'yan gudun hijira na Anka ko a gidan dangi a Gummi da Gusau, ba su ɗauki komai ba sai yara. Ba a zargin wanda ya gudu da ransa don ya bar kyanwa. Amma in akwai sararin daƙiƙa ɗaya, a tabbata ba a kulle ta a ɗaki ko a rumbu ba, a bar mata kafar fita, a tuntsurar da murfin randa. Kyanwa ta fi shaƙuwa da wuri a kan tafiya, kuma a sake tana iya riƙe kanta da ɓera, ƙadangare da ƙwari na tsawon lokaci. Idan Allah ya sa an dawo aka tarar da ita a rame, kada a tula mata abinci lokaci guda, domin jikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar haka. A fara da ruwa, sai romo da ɗan dafaffen nama kamar cokali ɗaya, sau huɗu ko biyar a yini, a riƙa ƙarawa a hankali har mako ya zagayo. Wadda ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba alhali ga shi a gabanta, ko idonta da dasashinta suka yi ɗorawa, mai yiwuwa hantarta ce ta fara taɓuwa, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne.